Kawu, Tsakanin Allo da Rumbun Gawayi

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan takarda, Shi da ba ya mantuwa ko da bayinsa sun manta juna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Ubangijinsa a farkon bazarar nan, a gidansa da ke unguwar Turaki, nan Jalingo. Ni da babban ɗansa muka zauna a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Abin da na gani a zaman makokin nan shi ya hana ni sakat, har na jiƙa tawada na zauna rubutu, don kada ƙasa ta rufe mutumin nan sau biyu.

Mata sun fi maza yawa, abin da ban saba gani ba a mutuwar tsoho namiji. Da yawansu baƙi ne a wurinmu, matan ma'aikatan da suka cika garin tun da aka ba mu jiha, masu zaman haya a Sarkin Dawaki da Kachalla Sembe. Wasu sai da suka yi tambaya kafin su gane gidan, domin a bakin aikinsa suka san shi, ba su taɓa kawowa a ransu yana da ɗaki da gado kamar kowa ba. Matata ta ba ni labarin wata da ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta yi kuka mai yawa, da ta share hawaye sai ta rage murya ta ce, "To Inna, mu kuma yanzu da me za mu yi girki?" Waɗanda ke kusa suka harare ta. Inna ta ce su ƙyale ta, gaskiya ta faɗa.

Dangin Inna sun zo daga ruga, suka ce "Allah hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri, suka zauna. Wani maƙeri ya ce tun yana hura wa ubansa zugazugi bai taɓa tsintar ɗanyen itace a buhun gawayin Kawu ba. Can sai ga tsohon abokinsa, Mumuye ne, Kirista, wanda suka fara aikin tare tun suna samari. Ya makance yanzu, surukarsa ce ta riƙo masa sanda. Ya zauna a tabarma, bai gaisa da kowa ba tukuna, ya ɗaga hanci yana shaƙar iskar da ke fitowa daga cikin gida.

"Da kara ake dafa abincin nan," ya ce. "A gidan wannan mutum, da kara! Kai, abokina, tashi ka ga abin kunya."

Ya yi dariya, mu ma muka yi. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ya kife fuskarsa a gwiwa.

Ni na yi wa Kawu wanka. Da na fito Inna ta aiko a kira ni, ta tambaye ni daga bayan labule, "Hannuwan sun fita?" Na ce a'a, Inna, baƙin ya shige cikin tsagar fata, ruwa ba ya kai masa. Ta ce, "Na sani. Na dai ce ko yau."

Wanda bai san wurin ba, in ya bi hanyar da ta nufi gindin duwatsu a bayan gari, zai ga wasu gine-gine na tubali da laka, masu kan tulu, kowanne ya fi ɗaki tsawo. Mutane suna ce musu rumbunan gawayi, don sun yi kama da rumbun hatsi. Yawancinsu sun rushe, gara da ruwan sama sun cinye su. A nan Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa da yawancin tsufansa.

Ba shi ya zaɓa ba. Lokacin babban yaƙin Turawa yana saurayi, yana bin shanun ubansa, allonsa bai wuce ƙananan surori ba. Fetur ya yi wuya, ga gyaɗa da auduga dole su isa bakin kogi a Lau inda jirgin ruwa yake jira. Sai aka kawo wata dabara. Aka ɗaura wa manyan motoci wata tukunyar ƙarfe mai tsawo a bayan direba, a cika ta da gawayi, a kunna, iskar da ke fitowa daga ciki ita ke tura injin. Kawu yakan ce mota ce mai ci kamar maƙeri, in ta zo hawa sai ta yi tari ta tsaya, fasinja su sauko su tura ta suna zagin ta da yare uku. Irin wannan mota tana son gawayi mai yawa, mai tsabta, wanda ba ya hayaƙi. Aka gina rumbunan, aka ce kowane dagaci ya kawo samari. An ce musu kafin kaka za su koma gida.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. A saro ƙirya da marke, a jera su a tsaye cikin rumbu har ya cika, a toshe ƙofa da tubali a yaɓe da laka, a kunna. Akwai ƙananan ramukan iska a gindi. Daga nan sai kallon hayaƙi. Da farko fari ne mai kauri, ruwan itace ke fita. Sai ya koma rawaya mai yaji a ido. In ya tsinke ya zama shuɗi-shuɗi, kamar ba ya nan, to gefen ya nuna, sai a toshe raminsa. Yau wannan gefe, gobe wancan, kamar yadda iska ta ga dama. In aka makara, iska ta yi yawa a ciki, itacen duka ya zama toka. Shi ya sa maganar da na fi ji a bakin Kawu tun ina ƙarami ita ce, "In ka kunna, ka zauna." Yakan faɗe ta ko kan mai shirin aure, ko mai buɗe shago, amma shi a wurinsa ba misali ba ce.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin rasuwar kakata, mahaifiyarsu. Manzon da aka aiko daga gida ya iso masa hayaƙi yana rawaya.

"Kowa yana cewa helima, mai tsaron mu a bakin aiki, shi ya hana ni tafiya," ya ce. "Ba haka ba ne. Helima yana barci a inuwa, da na so gudu da na gudu. Na dubi hanya, na dubi hayaƙin. Itacen da ke ciki mu da yawa muka saro shi, har wani ya bar yatsarsa a daji. In na tafi ya zama toka, a bayansu bulala za ta sauka. Na ce bari ya yi shuɗi tukuna."

Da ya isa gida, tudun ƙasa aka nuna masa. Yaƙi ya ƙare, fetur ya dawo, aka kwance tukwanen daga motoci aka yar. Amma shanun ubansa annoba ta riga ta share su, hannunsa kuma ba ya da wata sana'a. Ya koma rumbu yana yi wa maƙera da masu guga da masu tsire. Da yaƙin basasa ya zo, kananzir ya ɓace, aka sake tuna akwai shi. Haka rayuwarsa ta kasance. Duk lokacin da duniya ta rikice a wani wuri mai nisa da bai taɓa gani ba, sai a zo a same shi a gindin dutse.

Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan tsaki. Ba ya cin abinci da zafi. Ba ya yarda a sari kaɗanya ko ɗorawa, ko da mai gonar ne ya ce a sara, yana cewa itacen da ke ba da miya ba ya shiga rumbunsa. In tsohuwa ta zo ta tsaya nesa tana jin kunyar roƙo, sai ya ɗauki manyan gawayi ya taka su da dunduniya kamar bai lura ba, sannan ya kira ta: "Zo ki kwashe min ɓurɓushin nan, ya cika min wuri." Shi da abokinsa Mumuye kuwa kullum cikin musu suke, wannan ya ce ya nuna, wancan ya ce saura. Ranar Lahadi Kawu ke tsaron rumbu shi kaɗai, ranar Juma'a abokin.

A shekarar da aka ba mu jiha, wata rana bayan la'asar, ina zaure sai na ji sallamarsa. Ya shigo da sabon allo a hammata.

"Malam, na zo makaranta."

Na miƙe da sauri. "Haba Kawu, ai da ka aiko, ni zan zo."

"Ɗalibi ke zuwa wurin malami. Zauna. A waje ni kawunka ne, in ka yi ba daidai ba in ja kunnenka. A nan ciki kai ne babba. Amma ban da bulala, na sha tawa tun zamanin Bature."

Ya ce ya toshe ƙofofin rumbu da ƙaya, ya gama. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, yana son ya sauke Alƙur'ani kafin a sauke shi a rami. Ya ce allon da aka raba shi da shi yana saurayi ya daɗe yana jiran sa.

Karatun bai zo masa da sauƙi ba. Harshensa ya yi nauyi, yatsunsa sun yi kauri har ba sa iya riƙe alƙalami, ni nake rubuta masa. Ya dubi rubutuna na farko ya yi tsaki, ya ce, "Da wane gawayi ka haɗa tawadar nan? Wannan ai ruwan wanki ne." Washegari ya kawo min na ƙirya, na daka na haɗa da ƙaro, ban taɓa ganin baƙi irinsa ba. Amma yana da abin da yara ba su da shi, ya iya zama. Yakan maimaita aya ɗaya daga la'asar har kiran magariba bai gaji ba. A lokacin ne na fara ganin sa da farar riga. Ya riƙa samun sahun farko. Inna ta ce wa mahaifiyata, "An yi min sabon miji, wannan ba ya ɓata min zanin gado." Ban san wani lokaci da ya kai wannan daɗi a rayuwarsa ba.

Sai kananzir ya sake ɓacewa. Duk wanda ya zauna a garin nan cikin shekarun nan ya san abin da nake faɗa. Layin galan a gidan mai ya kan kai inda ido ba ya gani, a wuni a rana a dawo hannu wofi. Mutanen tsohon gari suna da tsakar gida da murhu, suna iya nemo itace. Amma matan haya, masu ɗaki ɗaya da risho a bakin ƙofa, ba su da inda za su hura itace ko da sun samu, masu gida ba sa yarda. 'Yan bumburutu suka fara gauraya kananzir da fetur. Wata maƙwabciyarsu Kawu, mai jego, ta kunna risho don ta dama kunu, ya fashe mata a ƙirji. Ta rayu, amma ba ta ƙara iya ba ɗanta nono ba.

Bayan wannan ne mata suka fara zuwa ƙofar gidan Kawu. Ba su roƙe shi ba. Sai su gaishe shi, su zauna a gindin bango da kwanukansu, ya fita masallaci ya wuce su, ya dawo ya same su.

Babban ɗansa, taubashina, ma'aikacin ofis ne. Tun muna yara muke tsokanar juna, yana ce min Malam Tawada, ina ce masa Akawu. Ranar da ya ga ubansa yana wasa gatari, ina wurin.

"Baba, kai ka ɓoye kananzir ɗin?"

"Ban ɓoye ba."

"To me ya shafe ka? Akwai masu ƙona gawayi a rami ko'ina."

"Nasu yana hayaƙi. A ɗaki ɗaya da jariri, ka san abin da hayaƙi ke yi?"

"Ka san abin da ya yi maka kai? Da asuba tarinka ke tashe mu, ba ladan ba." Ya juyo wurina. "Kai kuma Malam Tawada, ka tsaya kamar turke. Ɗalibinka zai gudu daga makaranta, ka yi magana mana."

Na ce, "Akawu, ɗalibin nan ya hana ni bulala tun ranar farko."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ajiye gatarin, ya dube ni, ya ce, "Malam, tambaya nake. Wanne ya fi nauyi a wurin Allah, allona ko tukunyar matan can?"

Na gaya masa abin da na sani. Na ce neman ilimi ƙofa ce babba, taimakon wanda ke cikin ƙunci shi ma ƙofa ce babba, ban isa in rufe masa ɗaya ba.

"Wato ba za ka sake ni ba, ba kuma za ka ɗaure ni ba."

"Kawu, ba ni da igiya."

"Akwai ta," ya ce. "Tana gindin bangon can." Ya ɗauki gatarinsa. "Kunnawa ɗaya zan yi. Kafin ta huce kananzir ya dawo."

Bai dawo ba. Ranar da aka buɗe rumbun farko, kwanukan da suka zo sun fi gawayin yawa, waɗanda ba su samu ba suka tambaye shi yaushe za su dawo. Ya sake kunnawa. An samu masu ƙarfi da ke saro masa itace suna jerawa, amma zaman kallon hayaƙi ba wanda ya yarda ya koya, kowa yana cewa wahalar ta ɗan lokaci ce. Abokinsa makaho yakan sa a kawo shi, ya zauna yana shaƙa, yana cewa, "Gefen gabas ya nuna, kai tsohon banza, idonka na ado ne?" Amma ba ya iya tashi ya toshe rami.

Makaranta ta koma gindin dutse. Bayan la'asar sai in hau kekena da allo a baya. Yakan yi karatu ido ɗaya a kan rubutu, ɗaya a sama. Sau da yawa muna tsakiyar aya zai ce, "Riƙe min nan, Malam," ya tashi da laka a hannu, ya dawo ya manta inda muka tsaya, mu koma farko. Farar rigar ta koma cikin akwati. Duk da haka muka yi ta hawa a hankali, damina ta wuce, wata ta zo, har muka shiga Baƙara, wadda a tsarin karatunmu na allo ita ce ta ƙarshe, in an gama ta an sauke. Na ba da aikin allon zayyana, wanda mai sauka ke karantawa a gaban jama'a. Inna ta ɗaure rago a bayan ɗaki tana ba shi dusa.

Abin da ya biyo baya, taubashina ne ya ce in rubuta shi kamar yadda ya faru, kada in rage.

Cikin azumi ne. An toshe rumbu gaba ɗaya, wuta ta mutu, jiran hucewa kawai ake yi. Ranar ba ofis, sai taubashina ya je ya sami ubansa ya ce, "Baba, yanzu ai gadi ne kawai ya rage. Ka tafi zauren Malam ka yi karatunka a inuwa kamar kowa. Ni zan zauna."

Kawu ya daɗe yana kallon sa. "Kada ka buɗe. Ko wa ya zo."

"Baba, ni ba yaro ba ne."

Kawu ya biya gida ya yi wanka, ya ciro farar rigar, ya zo. Ranar ya yi karatu mai kyau, muryarsa a sake, bai ɗaga kai ya dubi sama ba ko sau ɗaya.

A can kuwa mata sun taru. Rana ta karkata, kowacce tana da masu azumi a gida, ba abin da za ta ɗora tukunya a kai. Wata ta ce jiya da gari da ruwan sanyi suka sha ruwa. Wata ta ce mijinta ya fara fasa kujera. Suka yi ta cewa, "Yallaɓai, ka taimaka, ai ya huce, taɓa ka ji." Taubashina ya taɓa bangon, sanyi ƙalau. Ya zagaya ya taɓa ɗaya gefen. Ya ma manna kuncinsa. Ya ce a ransa, in aka kwashe yau, tsoho ya sami kwanaki ba ruwansa da wurin nan, ya ƙarasa karatunsa. Ya ɗauki diga ya fasa ƙofa.

Da farko gawayi ne baƙi mai ƙyalli, mata suka fara cika kwanuka suna sa masa albarka. Sai aka ji ƙara daga can ciki, kamar ana taka busasshen ganye. Iska ta sami hanya. Tsakiyar rumbun ta yi ja.

Wani mai acaɓa ne ya zo ya faɗa mana daga bakin zaure. Kawu bai tsaya neman takalmi ba. Na bi su a keke, da na isa na tarar mutane suna gudu da bokitai daga rafi, shi kuma yana tsaye a gabansu da hannu a sama.

"Kada ku zuba! Bango zai tsage, ya rufto! Laka nake so, ku kwaɓa laka!"

Ya naɗe bakin rigar a hancinsa, ya tsaya a bakin ƙofar inda ba wanda ya iya matsawa, yana jera tubali ɗaya bisa ɗaya, ɗansa yana miƙo masa. Tsoho ne, da azumi a bakinsa, hayaƙi da zafi suna fitowa ta kansa. Bai ja da baya ba sai da ya yaɓe tsaga ta ƙarshe. Sannan ya zauna a ƙasa, ya yi tari har na ga abin da ya tofar baƙi ne da ja.

Taubashina ya durƙusa a gabansa. Kawu ya ce, "Bangon ya yi sanyi, ko?"

"Ya yi, Baba."

"Haka yake yi. A ƙoli ake taɓawa, sai an hau. Ban taɓa gaya maka ba, don ban so ka iya."

Daga ranar bai ƙara tsayawa da ƙafarsa sosai ba. An kai shi asibiti, likita ya ce huhun ya daɗe da cika, wannan ya ƙarasa ne kawai. Aka dawo da shi gida bayan salla. Na riƙa zuwa da hantsi, lokacin da numfashinsa ya fi sauƙi, in zauna a bakin gado in riƙe masa allo. Aya ɗaya sai ya yanka ta gida-gida, kalma biyu ya huta, kalma uku ya yi tari. A Baƙara kuwa ayoyin dogaye ne. Wata rana ya ji muryoyin mata a tsakar gida, ya tambayi Inna, "Dubiya suka zo ko gawayi?" Ta ce, "Duka biyu." Ya yi dariyar da ta jawo masa tari mai tsawo.

Da na ga ƙarfinsa yana tafiya, na ce, "Kawu, abin da ya rage kaɗan ne. Allon zayyana ya iso, rago yana nan. A tara mutane gobe, ka karanta abin da ka iya daga kan gado, a shafa fatiha. Ba wanda zai ce ba ka sauke ba."

Ya juyo da kansa a hankali. "Ka taɓa jin na ba wani gawayin da bai nuna ba?"

"Ban taɓa ba."

"To biya min."

Na biya, ya bi ni har inda numfashi ya kai shi. Sannan ya ce in nuna masa abin da ya rage. Alƙur'anina na warƙa-warƙa ne, irin na gafaka. Na ware ganyen da ba mu kai ba na sa masa a tafin hannu. Ya ɗaga su yana gwada nauyinsu, ya ce, "Ba nauyi." Ya mayar min da su. Can ya ce, "Malam, wanda ya mutu bai ƙarasa ba, a ina ake sa shi?"

Na ce, "Muna kyautata wa Allah zato, cikin ɗalibai."

"To in za ka yi sanarwa, haka za ka ce. Kada ka ce mai gawayi. Na gaji da shi."

Na yi masa alkawari. Bai ƙara kwana da yawa ba, ya cika da hantsi, Inna tana riƙe da kansa, kalmar shahada a bakinsa.

Da azahar na tafi masallacin bakin kasuwa, inda jama'a ta fi taruwa, taubashina yana biye da ni. Da aka sallame na miƙe. Na ce Allah ya yi wa wani dattijo rasuwa a Turaki, ɗalibin Alƙur'ani, na faɗi sunansa na yanka da na mahaifinsa, na ce za a yi masa salla yanzu a ƙofar gidansa. Mutane suka ce Allah ya jiƙan sa, kamar yadda ake faɗa wa baƙo, suka fara neman takalmansu. Ladan ya ja bakin rigata, ya ce, "Malam, wane ne?" Na sake faɗin sunan da ƙarfi. Na dubi fuskoki, mutanen da suka ci tuwon da aka dafa da wahalarsa, ba wanda sunan ya taɓa. Na san kalmar da za ta tsayar da su. Na san kuma abin da yawan masu salla yake amfana wa mamaci. Na tsaya da alkawari a bakina, masallaci yana ta raguwa.

Sai na ji muryar taubashina daga bayana, a karye.

"Jama'a, mai gawayi ne. Babana ne, mai gawayi."

Wanda ya sa takalmi ɗaya ya tsaya a haka. Salati ya tashi daga sahun gaba har bakin titi. Masu shaguna suka rufe, masu acaɓa suka juya, aka bi mu a baya har unguwar ta kasa ɗaukar mutane, sahu ya fita ya bi layi ya karya kwana.

Ya Allah, mu da wannan sunan muka san shi, da shi muka taru. Kai ka san ɗayan. Ka san ganyen da suka rage a hannunsa, ka san abin da ya tsare shi daga gare su. Ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa, ka tashe shi a inda ya roƙa. Amin.